Furar Da Ta Sauya A Bakin Yaro

Kusan kowace unguwa a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ta san irin yaron nan. Shekararsa shida ko bakwai, magana ba ta dame shi ba, wasan yara bai cika jan hankalinsa ba, kuma duk abincin da ke duniya abu ɗaya ya yarda ya shiga bakinsa da rana: fura. Ita ma ba kowace iri ba. Sai an dama ta a ɗan ƙoƙonsa mai tsaga a baki, an murje gayan tas, ba a sa sukari ba, an miƙa masa da ludayin da ya saba riƙewa. Ranar da aiki ya sha kan uwar ta aika da geron inji maimakon ta daka, ba wanda ya ji bambanci a gidan. Maigida ya sha ya yi hamdala, yayyen suka sha har suka suɗe ƙwarya. Shi kuwa ya kai hanci, ya ɗan taɓa da leɓe, ya ture ƙoƙon gefe. Har aka kira la'asar bai sa komai a cikinsa ba.

"Ƙyale shi, tsirfa ce," in ji kakar. "In yunwa ta ci shi, da kansa zai nema." Maƙwabciya ta ce sangarta ce ta yi yawa. Wata ta rage murya ta ce a gwada kai shi wurin malam, kada dai iska ce. Uwar ba ta tanka ba, domin ta taɓa bin shawarar kakar, ta ga yaron ya wuni, ya kwana, ya sake wuni da ruwa kaɗai.

Ba kowane yaro mai zaɓen abinci ne ke da lalura ba. Amma da yawa daga cikin masu irin wannan kafiya, likitoci na da sunan abin da ke tare da su: otizim, wanda gidajen rediyon Hausa suka fi kira galahanga. Ba hauka ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Yanayi ne da mutum ke tasowa da shi tun daga tushe, yana shafar mu'amalarsa da mutane da kuma yadda ƙwaƙwalwarsa ke karɓar saƙon ido, kunne, hanci, harshe da fata. Ɗan tsakin da wani zai haɗiye bai sani ba, a bakin irin wannan yaro kamar tsakuwa yake. Shi ya sa yakan liƙe wa abinci ɗaya ko biyu da ya tabbatar ba za su yi masa ba-zata ba. Masu wannan yanayi a Turai da Amurka har suna gare su na irin wannan cima, ma'anarsa abincin da hankali ya kwanta da shi.

To, furar da ake gani kamar tun kaka da kakanni haka take, ta sauya ba sau ɗaya ba cikin shekara 50 a kudancin Katsina. Hatsin ya sauya, niƙan ya sauya, nonon ma ya sauya. Manya sun saba, sun manta. Harshen waɗannan yara ne ya ƙi mantawa.

Zamanin turmi da taɓarya

Gero tsohon ɗan gida ne. Masu haƙar kayan tarihi sun gano alamunsa a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, abin da ya nuna ana nomansa tun wajen shekara 4,500 da suka wuce. A 1353, matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, yana tsakanin Tambutu da Gao aka kawo masa wani abin sha da ya rubuta sunansa daƙnu: dakakken gero cikin ruwa, da ɗan zuma ko nono. Bahaushe na jin wannan ya san dangin fura ne ko gumba. Bayan shekara 500, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851 ya kuma dawo a 1853, ya yi ta ambaton fura a littafin tafiye-tafiyensa, don da ita ake tarbar wanda ya sha hanya.

Kudancin Katsina ba kamar Daura ko Jibiya ba ne. Ruwan sama ya fi yawa, ƙasa ta fi nauyi, don haka dawa da auduga suka mamaye gonaki, gero da maiwa na biye da su a jigawa. Jirgin ƙasan da ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 auduga da gyaɗa ya zo kwasa, bai taɓa tukunyar kowa ba. Koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa da dare. Irin wannan rayuwa ce ta cika labarin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta a 1949 zuwa 1950 a Giwa, maƙwabciyar Sabuwa ta ɓangaren Zazzau, aka buga a 1954.

Aikin fura ba na raggo ba ne. Da hantsi mace za ta auno gero, ta ɗan yayyafa ruwa, ta surfe shi a turmi har dusar ta rabu. Ta bakace a faifai, ta wanke, ta zuba wa awaki ƙasarin, ta bar geron ya tsane. Sannan ta mayar da shi turmi tare da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, ta daka, ta tankaɗe, ta sake daka tsakin har ya zama gari. Ta cura manyan dunƙule ta jefa a tafasasshen ruwa. In sun dahu ta kwashe da zafinsu ta kirɓa har su yi danƙo, ta mulmula, ta birgima su cikin gari. Wannan shi ne dawo, kamar yadda Katsinawa da yawa ke faɗa. Saura damu: ƙwarya, ludayi, nono da ruwan randa.

Tun daga rumbu har bakin mai sha, ba inda furar ta bar hannun mace ɗaya. Ita ta san laushin da ta tsaya a kai, da yawan cittar da take tsinkowa da yatsu, da lokacin da take sauke tukunya. Furar gida biyu masu katanga ɗaya ba ta zama ɗaya, amma ta mace guda yau da gobe ba ta da bambanci. Yaron da ba ya jure sauyi ya sami mafaka a wannan tsari ba tare da wani ya shirya masa ita ba.

Wannan ba yana nufin gidan da bai san sauyi ba. Nono kan yi kauri da yawa da damina, ya ragu da rani har a tsinka shi da ruwa a ɗaure shi da garin cikin 'ya'yan kuka, mai tsami-tsami. Kuma akwai ranar da kowane yaro ke rasa abincinsa na farko: yaye. In ya doshi shekara biyu, sai a ɗauke shi a kai wa kaka, a yi masa rubutu ya sha, wasu iyayen su shafa abu mai ɗaci a mama. Kwana da kwanaki kakar na goyo da lallashi, tana kai masa kunu baki kaɗan-kaɗan har ya karɓa. Yawancin yara cikin mako guda sun haƙura. A nan ne gidaje da dama ke fara lura cewa wani yaron nasu daban yake, don shi haƙurin ba ya zuwa da wuri.

Masara ta shigo, inji ya biyo ta

Masara baƙuwa ce. Asalinta Meziko, sai bayan 1500 ta iso Afirka, kuma ana danganta sunanta na Hausa da Masar. Ɗaruruwan shekaru ta yi a bayan gida, a inda toka da shara suka taru, ana gasa ta ɗanya ko a dafa a ci kafin gero ya nuna. Ba wanda ke cika rumbu da ita.

Shekarun 1970 ne suka juya lamarin. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza manoma da makiyaya, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin da arewa ke taƙama da shi. A wannan shekarar ce gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gombe. Gundumomin Faskari da Ƙanƙara na cikin yankin da ya shafa. Aka fasa hanyoyin karkara, aka buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, aka baza malaman gona. Takin zamani na da araha a lokacin saboda tallafin gwamnati, ga kuma ingantaccen irin farar masara daga masu bincike na Ibadan da Samaru. Manomi ya gwada ya ga buhunan da masara ke bayarwa in ta sha taki sun ninka na dawa. Kafin a ankara, kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Funtuwa sun zama na masara, tuwon dare ya koma fari sol, gero ya ja baya a gonaki da yawa har wasu gidajen suka koma sayensa a kasuwa.

Masara tauri gare ta, dakanta na karya ƙugu, don haka injin niƙa ya bi ta ƙauye-ƙauye. Mata sun huta, kuma hutun ba ƙarami ba ne. Sai dai inji ba turmi ba ne. Ƙarfen da ke niƙan yana ɗaukar zafi, yana ɗumama garin. Injin da ya niƙa masarar wani gida shi zai niƙa dawar na gaba, ya zo kan geron fura da sauran abin da ya maƙale a ciki. Mai injin yau ya ɗaure ƙarfen garin ya yi laushi, gobe ya sassauta ya fito da tsaki. Wani lokaci har warin baƙin mai yakan kama kwano. Yarinyar da aka aika ta dawo da gari, amma ba wanda zai rantse irin na jiya ne.

Miya ma ba ta tsira ba. Daddawar kalwa, wadda ake dafa 'ya'yan ɗorawa a surfe a rufe su kwana biyu zuwa uku su ruɓa, ta sami kishiyoyi: dunƙulen Maggi da aka fara yi a Turai a 1908, farin magi na Ajinomoto da Japan ta fitar kasuwa a 1909, daga baya kuma daddawar waken suya. Sannu a hankali magi ya zama sunan duk wani dunƙulen ɗanɗano, ko wane kamfani ya yi shi.

Kayan masana'anta sun zo da wani abin da tukunyar zamani ta rasa, wato tabbas. Biskit ɗin yau da na watan jiya ba su da maraba. Taliyar Indomie, wadda ta shigo Najeriya a 1988 aka kuma fara yin ta a Ota a tsakiyar shekarun 1990, kullum tsawonta ɗaya, ƙamshinta ɗaya. Ba mamaki yara masu galahanga a garuruwa suke manne mata. Amma tabbacin na hannun wasu ne can nesa. A Janairun 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada ya kuma sauya kama har zuwa ƙarshen 1992 da aka janye dokar. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu har Disamban 2020, shinkafa 'yar waje da ke kwararowa ta Jibiya ta yi wuyar samu, aka koma 'yar gida mai nata ƙamshi da nata launi. Ga mafi yawan mutane ƙorafin farashi ne. Ga gidan da yaro ba ya cin komai sai farar shinkafa mai warwara, tashin hankali ne na kowace rana.

Kofin Ingila da taliyar Kanada

Tun ranar da aka fara bayanin wannan lalura aka lura da batun ci. A 1943 likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya wallafa bayanin yara 11, maza 8 mata 3. Abin da ya haɗa su, in ji bayaninsa, har da tsananin son komai ya zauna yadda yake, kuma da dama cikinsu sun wahalar da iyaye wajen ciyarwa tun suna jarirai. An daɗe ana zaton abin na Turawa ne, sai a 1978 Victor Lotter ya wallafa binciken da ya yi a ƙasashen Afirka 6, har da Najeriya, inda ya tarar da yara masu alamomin. A 2013 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya sa yawan jin ƙara, wari ko taɓi cikin alamomin otizim, ya kuma ware suna na musamman ga matsalar ƙin abinci saboda kamanninsa ko tsoronsa, ba don son rama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2 ga Afrilu don tunawa da su tun daga 2008.

A Nuwamban 2016 wani uba a Ingila ya kai kuka ga jama'a ta intanet. Ɗansa matashi ba ya shan ruwa sai da wani shuɗin kofin roba mai hannu biyu da ya saba da shi tun yana ƙarami. Kofin ya tsufa, kamfanin kuma ya daina yin irinsa, kuma an taɓa kwantar da yaron a asibiti saboda ƙishirwa. Mutane suka yi ta tono tsofaffin kofunansu suna aikawa. Daga ƙarshe kamfanin Tommee Tippee ya nemo tsohon mazubin da ake ƙera kofin da shi, ya yi masa guda 500. Bayan 'yan watanni, a farkon 2017, wani uba a garin Nanaimo na Kanada ya yi irin wannan roƙo a kan taliyar Kraft mai siffar jaruman fim ɗin Star Wars, wadda ɗansa ya yarda da ita ana dab da daina sayarwa. Shi ma kwalaye suka yi ta isowa.

Waɗannan iyaye sun sami ƙofar da za su ƙwanƙwasa: kamfani mai adireshi, mazubi a ajiye a sito. Uwar da ke Faskari ba ta da wanda za ta rubuta wa takarda. Mazubin furar ɗanta gona ce, da saniya, da hanyar da ke tsakanin ruga da gari.

Ranar da mai nono ta daina zuwa

Rabin fura na Bahaushe ne, rabi na Bafillace. Da sassafe ake tatsa a ruga, a zuba madarar a ƙwaryar da ta saba, wadda tsamin jiya ke liƙe a jikinta, ta kwana ta zama kindirmo. A kaɗa wani a cire man shanu, saura ya zama nonon talla. Da hantsi Bafillatana ta ɗora ƙore a ka, faifai a rufe, ta kamo hanyar gari. Ba yawo take yi barkatai ba, tana da gidajenta. Ta yi sallama, a ce "Maraba da Fillo," a shimfiɗa mata tabarma, ta auna da ludayi ta ƙara gyara. A biya ta da kuɗi ko da hatsi ko dusa. Bayan girbi mijinta ya sauke garke a gonar maigidan, shanu su ci kara su bar taki. Akwai gidajen da ruga ɗaya ta shayar da su tun daga kaka har jika. Tsamin nonon kowace ruga daban ne, don shanun, ciyawar da ƙwaryar duk nata ne.

Noman masara da yawan jama'a sun ci burtali da makiyaya a wurare da dama, rigimar gona da garke ta ƙaru. Daga farkon shekarun 2010 satar shanu ta zama sana'ar masu bindiga a dajin Rugu da dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Makiyaya na cikin waɗanda aka fara talautawa. Ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ta biyo baya, zargi ya hau kan wanda ya ji da wanda bai gani ba, matan Fulani da yawa suka ji tsoron shiga gari, wasu rugagen suka tashi gaba ɗaya. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla a 2019 bai yi ƙarko ba. A Yunin 2020 aka kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari. Ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana 6.

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta kafa dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, garin da karar shanunsa ta yi suna. A watan Satumba aka katse layukan waya a yankin. Waɗannan matakai don tsaro aka ɗauke su, amma sun isa har cikin ƙwaryar fura.

Abin da ya cike gurbin shi ne madarar gari ta buhu. A dama ta da ruwan ɗumi, a zuba ɗan tsohon nono, a rufe ta kwana, da safe ga abu fari mai kauri a bokitin roba. Mafi arharta ma an cire mata man shanunta tun a Turai an maye shi da man itatuwa. Tana da santsi, tsaminta bai kai na ruga ba, ƙamshin hayaƙi da ƙwarya babu. A garuruwa kuma masu shaguna suka koma markaɗa fura da na'ura su sa a firji. Matasa da yawa sun fi son ta haka. Yaron da ya tashi da nonon ruga ɗaya kuwa, a wurinsa wannan wani abinci ne daban da aka ara wa sunan nasa.

Mafi tsanani shi ne gudun hijira. Iyalin da suka baro ƙauye da dare suka fake a makarantar firamare ko gidan dangi a Faskari, Ƙanƙara ko Funtuwa, sun bar rumbu, turmi, randa da ɗan ƙoƙon nan a baya. Abin da ya samu shi ake ci: garin kwaki, dafa-duka, taliya. A wurin da kowa ke cewa da babu gara ba daɗi, uwar da ɗanta ya ƙi karɓar abin da aka ba shi sadaka kunya ke kama ta kafin ta buɗe baki ta yi bayani.

Dabarun cikin gida

Hanya mafi tsufa ita ce ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba kunu, a toshe hanci har ya haɗiye. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi a kanta, domin kunun na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ga mai galahanga kuma akwai ƙarin illa: abin da aka ɗura masa yau ya zama abokin gaba, wani lokaci har da ƙoƙon da hannun da ya ɗura. Horo da yunwa ma ba ya aiki yadda kaka ke zato, don wasunsu ba sa jin kiran ciki kamar sauran yara.

Iyayen da suka daɗe a cikin lamarin sun gano wasu hanyoyi da kansu, kuma sun yi daidai da shawarar masana. Ta farko, in abu ɗaya ya sauya dole, a riƙe sauran kada su motsa: ƙoƙon, ludayin, inuwar da yake zama, lokacin sha. Ta biyu, a ware masa nasa. Gidan na iya kai tiya uku inji, amma gwangwani ɗaya na yaron a daka a turmi. Wasu kan yi sammako su zama na farko a layin niƙa, ko su roƙi mai inji ya fara zuba ɗan gero ya wanke ƙarfen. Masu hali kan sayi irin geron da ya saba tun da kaka su ajiye. Ta uku ita ce ta kakannin yaye: a shigo da sabon abu kaɗan-kaɗan. Ludayi ɗaya na sabon nono cikin tsohon, a yi kwanaki a haka, sannan a ƙara. A bar shi ya gani, ya shinshina, ya taɓa da yatsa, ko bai sha ba an ci gaba. Masu iya magana a cikinsu, yara da manya, sukan ce an fi kyauta musu in an gaya musu gaskiya cewa abin ya sauya, maimakon a ɓoye su gano da bakinsu, don daga ranar sai su daina yarda da kwanon gaba ɗaya.

Fura da nono, in aka samu na kirki, ba ƙaramin abinci ba ne: gero na da sinadarin ƙara jini, nono na gina jiki da ƙashi. Amma abinci ɗaya ba ya ɗaukar mutum har abada. A 2019 likitoci a Bristol ta Ingila suka ba da labarin wani matashi da ya rasa ganinsa bayan shekaru yana rayuwa a kan soyayyen dankali, farin burodi da ɗan nama na kanti, jikinsa kuma bai nuna rama ba. Saboda haka yaron da ya kafe a kan cima ɗaya na bukatar a riƙa auna shi ana duba jininsa. Manyan asibitocin Ƙanƙara da Funtuwa su ne na kusa, daga nan sai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na tarayya a Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin kulawa da karatu kamar kowa.

A wasu gidajen haya na bayan garin Funtuwa, inda kowa ke kai niƙa inji, akan ji ƙarar taɓarya guda ɗaya da hantsi. Mai dakan ta baro ƙauyenta ne da 'ya'ya da ƙullin kaya, turmin ma aro ne daga matar mai gida. Geron bai fi cikin gwangwani ba. Ta kirɓa, ta mulmula ɗan dawo biyu, ta ɗauko sabon ƙoƙon da ta yi mako tana jiƙawa tana gogewa don warin duma ya fita. Nonon ruga na yau rabin kofi ne, wata 'yar'uwa ta kawo daga kasuwar ƙauye. Ta zuba, ta ɗiga ludayi ɗaya na madarar buhu a kai, ta ce masa, "Ga ta nan, na sa na kanti kaɗan." Yaron ya kai hanci ya daɗe. Ya taɓa da leɓe, ya ajiye, ya juya ƙoƙon har inda yake so ya fuskance shi, ya sake ɗauka. Uwar ta kau da kai tana tattara faifai kamar ba ta gani ba. Jibi za ta ƙara rabin ludayi.